Fanel a Kan Ragar Banda

Yanzu idan rediyo ta mutu a gidan mutum a Birnin Kebbi, ba wanda ke buɗe bayanta. Sai a jefa ta bayan ɗaki, ranar da masu sayen gwangwan suka biyo da kurarsu a miƙa musu, a je kasuwa a sayo wata. Da ba haka ake yi ba. A shekarun farko bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato, rediyo ɗaya takan mutu ta tashi sau da dama a hannun manomi, kuma duk tashin da za ta yi, daga gawar wata na'ura ake ciro mata rai. Ƙanena yana cikin masu wannan aiki a Argungu. Har yau idan na tuna yadda aikin ya fita daga hannunsa, raina yakan ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Ni ban yi samartakata a gida ba. Na sayar da agogo a Kumasi, na yi dakon kaya a Kwatano, na zauna Yamai har Zabarmanci ya kama bakina, na yi shekaru a Umdurman ta Sudan, daga can na haye Jidda. A Umdurman na koyi gyaran rediyo a rumfar wani tsoho da ba ya magana sai ya ajiye ƙarfen liƙi. Da na dawo gida da furfura, abin da na iya na koya wa ƙanena, shi kuma ya wuce ni nesa, don hannunsa ya fi nawa sanyi. Ya kama rumfa kusa da kasuwar Argungu. Ni na zauna Birnin Kebbi ina sayar da batir da kaset.

Matsalar mai gyara a wancan lokaci ita ce kayan gyara. Babu shagonsu a kusa. Ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar wake zai mutu a cikin rediyo, sai an yi saƙo Kano ko Legas, a jira direba ya je ya dawo, wani lokaci ya kawo wanda ba shi ba. Manomi kuwa ba ya jira.

Sabuwar jiha ce ta kawo mana mafita ba da saninta ba. Ma'aikata suka taso daga Sakkwato da iyalansu suka cika gidajen unguwar Gesse a Birnin Kebbi, 'ya'yansu kuma suka zo da wani abin wasa da ake haɗawa da talabijin, ana cusa masa kaset ta sama, yara suna latsawa wani ɗan mutum yana tsalle a allo. Gem suke ce masa. Wutar lantarkinmu ta lokacin tana zuwa ne yadda ta ga dama, wani lokaci kamar kyandir, wani lokaci kamar aradu, kuma gem ba ya jure wannan. Kusan kowane gida a Gesse akwai mataccen gem a ƙarƙashin gado. Iyayen yara abokan cinikina ne, sai na riƙa roƙonsu. Suna ba ni suna dariya, su a ganinsu shara nake kwashe musu.

Idan ka kwance gem, a ciki za ka tarar da wani koren faranti mai layin tagulla, shi masu gyara ke kira fanel. A kansa aka dasa ƙananan kaya, kowanne da ƙafafunsa sun huda farantin, an liƙe su da dalma ta baya. Yawanci abu ɗaya ne ke ƙonewa, sauran duk lafiyarsu lau. Akwai kafasta, masu kama da ƙaramar ganga. Akwai taransista mai ƙafa uku. Akwai wani baƙi mai kunnen ƙarfe da ke daidaita wuta. Duk waɗannan rediyo na so, rakoda na so, har lasifikar masu tallan magani a kasuwa. Kayan gem kuma sababbi ne, ba su sha rana da hayaƙin murhu ba kamar na tsofaffin rediyo. Ƙanena ya ce bai taɓa samun kayan gyara masu kyau irinsu ba.

Sai dai ciro su aiki ne na mai haƙuri. Ƙafa ɗaya ake bi. Ka kama ƙafar da hantsaki ta sama don zafi ya bi ƙarfen hantsakin maimakon ya shiga cikin kayan, ka ɗora bakin ƙarfen liƙi a kan dalma ta ƙasa, da ta yi ƙyalli ta narke ka zuƙe ta da ɗan famfo, ka janye hannu nan take. Idan ka daɗe, ka dafa shi. Daga waje ba za ka ga komai ba, amma cikinsa ya mutu. In babu wuta, ƙarfe mai kan tagulla ake sakawa cikin gawayi, ka gwada zafinsa a kan guntun dalma kafin ka kai shi fanel. Tsohon Umdurman yakan ce da ni zafi baƙo ne, ka ba shi abin da ya zo nema ka raka shi ƙofa. Na ga masu wannan aiki a ƙasashe da yawa, da Larabci da Faransanci da yaren Asante, ban ga inda ake yinsa da gaggawa ba.

Ƙanena ba ya ciro kaya sai yana bukatarsu. Ya ce a kan fanel sun fi zama lafiya. Saboda haka ya tara su a buhunan shinkafa a wani ƙaramin ɗaki a zauren gidansa, an jera su da kwali a tsakani. Shekaru muka yi muna tarawa. Buhunan nan su ne rumbunsa. Bayan girbin shinkafa, lokacin da manoman Zauro da na ƙauyukan fadama ke samun sukuni su kawo rediyonsu, daga nan yake ciyar da gidansa har wata shekarar.

Wata damina, gab da girbi, babur ya kayar da shi a hanyar Argungu, hannun dama ya karye a wuyan hannu. Mai ɗori ya ɗaure shi da karare ya ce kada ya ɗaga ko cokali. Muka zauna muka yi shawara. Gyara zai iya yi da hannun hagu idan ana riƙe masa, amma ciro kaya daga fanel sai da hannu biyu masu lafiya. Na ce zan riƙa zuwa ina ciro masa, ya tara a gwangwanayen madara, kafin manoma su fara zuwa. Haka muka fara. Nakan hau motar safe daga Birnin Kebbi, in zauna a zaurensa da kaskon gawayi, shi yana gefe yana nuna mini da haɓa wanda zan cire. Idona ya riga ya raunana, aikin yana tafiya a hankali, amma yana tafiya.

Matarsa tana da ƙane, mai bandar kifi, gidansa yana bayan nasu. Mutum ne mai ƙarfi da surutu, yana kai busasshen kifi har Anacha, kuma tun da ya fara zuwa can ya zama babu abin da bai sani ba. Tsakaninsa da ƙanena akwai wasa irin na ƙanen mata da mijin ya. Injiniya yake kiran ƙanena. Yakan shigo zauren yana warin hayaƙi, ya tsaya a kanmu.

"Alhaji, tun hantsi kana nan, mi kac cire?"

Na nuna masa gwangwanin.

"Wanga ɗai? Wallahi kaza ta hi ku sauri wurin tsintar tsaba. Injiniya, wanga aikin naku har a yi girbi a ci a canye ba ku gama buhu guda ba."

Ƙanena ya ce, "Kai dai tahi ka juya kihinka kar shi ƙone. Nan ba wurin masu manyan yatsu ba na."

"Manyan yatsun ga su ka ciyar da rabin unguwa. Ni na ga yadda aka yin wanga abu Anacha. Kan wuta suka aza shi dut, su buga shi ƙasa, komi shi zube awa an kakkaɓe magarya."

Na ajiye ƙarfen na dube shi. Na san abin da ya gani, don ni ma na gani a Legas. Waɗancan ba masu gyara ba ne, masu neman dalma da tagulla ne, su narka su sayar da nauyi. Ba ruwansu da ko kayan na da rai. Na faɗa masa haka dalla-dalla. Na ɗauki kafasta na nuna masa, na ce akwai ruwa a cikinta, in ta ji wuta tafasa take ta fashe.

"To, Alhaji ya yi hwatawa," in ji shi, yana dariya. "Ku mutanen da kunka yi yawon duniya, komi sai kun sa mai wahala."

Ƙanena ya daina wasan ya ce masa, "Kar ka taɓa min buhu." A gabana ya faɗa, da bakinsa, kuma mai banda ya ji. Wannan nake so a riƙe, don daga baya an yi ta magana kamar ba wanda ya hana shi.

Bayan haka aka yi rasuwa a Birnin Kebbi, wani malami maƙwabcina, na tsaya zaman makoki ban je Argungu ba. A cikin kwanakin ne ƙanena ya koma wurin mai ɗori a wani ƙauye don a duba hannun, matarsa ta raka shi. Gida ya zama ba babba.

Ranar da na koma, tun daga bakin layi na ji warin. Ba warin banda ba ne, na san warin banda tun ina yaro. Wannan wari ne mai kama maƙogwaro, irin na ƙonanniyar roba. Na ishe zaure a buɗe, ƙaramin ɗakin wayam, buhunan a yashe ba komai ciki. Na zaga baya.

Murhun banda na mutanen Argungu gini ne na laka, da ragar waya a sama inda ake jera kifi, wuta a ƙasa. A kan ragar nan mai banda ya jera fanel kamar tarwaɗa, sahu-sahu. Da ya ga garwashin da yake yi wa kifi bai narka dalma ba, sai ya ƙara itace har harshen wuta ya taɓo raga. Yana ɗauko su da awartaki yana bugawa a bakin wata babbar tasa. Lokacin da na iso ya gama, yana share raga. Fanel ɗin suna gefe a tare, sun yi baƙi sun lanƙwashe kamar busasshiyar ganda. Tasar kuwa ta kusa cika.

Ya gan ni ya washe baki. Idonsa ja wur saboda hayaƙi, yana tari.

"Alhaji, ka zo daidai. Duba nan. Aikin da kunka ce sai wata da watanni, ga shi kahin azahar. Ka hwaɗa ma Injiniya ba ni son godiya."

Na durƙusa na sa hannu a tasar. Kafasta sun kumbura, wasu sun fashe sun fitar da wani abu kamar auduga. Rigunansu na roba, inda ake rubuta ƙarfin kowacce, sun narke, ko mai rai ce ba ka san ta wace rediyo ba ce. Taransista sun manne da juna cikin dunƙulen dalma. Abin da muka yi shekaru muna bi gida-gida a Gesse muna roƙo, ga shi ya koma tsakuwa.

Na yi zagi a rayuwata da harsuna da yawa, amma ran nan babu wanda ya zo bakina. Na ce masa kawai, "An hana ka."

"An hana ni don ba a san dabarar ba. Ai ga su nan sun hita."

"Sun fita matattu."

"Haba Alhaji. Ƙarhe na hwa. Ƙarhe na mutuwa?"

Da la'asar ƙanena ya dawo. Ya sa aka kai masa tasar zaure, ya ɗauko mitarsa ta gwaji, ya ce in riƙe masa wayoyin. Muka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora, allurar mita ta ƙi motsi, ya ajiye gefe. Ya ɗora wani, allura ta tafi ƙarshe ta tsaya, wannan ma matacce ne. Can sai a sami ɗaya da ya nuna alamar rai, sai ya riƙe shi a tafin hannun hagu ya daɗe yana kallo, sannan shi ma ya ajiye shi cikin matattun.

Na ce, "Wannan ai ya motsa."

"Ya motsa yau, Yaya. In na sa ma mutum shi cikin rediyo, ya kai ta Zauro ta mutu bayan sati, mi za ni ce mai? Wanda yas sha wagga wuta ba ni yarda da shi."

Har aka kira magariba muna nan. Abin da ya rage masa a duniya shi ne 'yan gwangwanayen da na cika da hannuna.

Ɓarnar ta yi mini ciwo, amma abin da ya biyo baya ya fi ta. Washegari manyan gidan suka taru, kawun matar ƙanena da limamin unguwa da wasu dattawa. Na ɗauka za a kira abin da sunansa. Sai kawun ya fara da cewa yaron nan, wato mai banda, niyyarsa alheri ce. Mutum mai mata da 'ya'ya, mai furfura a gemu, shi ne yaro. Liman ya ce taimako ya zo yi, Allah bai nufa ba. Wani ya ce ai shi ma ya yi hasara, don kifin da ya ɗora a ragar bayan nan duk ya ɗauki wari, an zubar. Da aka faɗi haka sai wani ya ƙyalƙyale, dariya ta zaga zauren. Mai banda da kansa yana sunkuye yana murmushi.

Na ce, "Ba a yi maganar hani ba. Mai abu ya ce kar a taɓa, a gabana."

Kawun ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Tarkacen wasan yara na, ba gona anka ƙone ba."

Na ce da rumbun shinkafarsa aka cinna wa wuta da niyyar kashe ɓera, haka zai ce? Ya ce wannan daban. Na tambaye shi ina bambancin, sai ya juya ga ƙanena ya ce ya yafe don zumunci. Matar tana bayan ƙofa tana kuka, tsakanin miji da ƙane. Ƙanena ya dubi ƙofar ya ce ya yafe. Aka shafa fatiha aka tashi.

A Kumasi na ga an tara kasuwa guda a kan wanda ya taɓa akwatin kayan aikin wani ba izini. A Umdurman ko ɗan mai rumfa ba ya ɗaga hantsakin ubansa. Ba na cewa sun fi mu kirki, na zauna da su na san halinsu. Amma sun yarda cewa abin da mutum ke ci da shi dukiya ne, ko da su ba su gane amfaninsa ba. Mu a nan, in ba gona ba ce ko saniya ko jirgin kamun kifi, wasa ne. Kuma kalmar haƙuri kullum wanda aka cuta ake kai wa ita.

Girbi ya zo, manoma suka zo da rediyonsu a ɗaure da tsumma a bayan keke. Gwangwanayen suka ƙare tun kasuwa ba ta yi nisa ba. Na koma Gesse ina bi gida-gida, amma abin da aka tara a shekaru ba ya taruwa a wata guda, kuma masu sayen gwangwan sun fara shigowa unguwar, yara sun gane ana ba su wani abu a kan mataccen gem. Na samo 'yan kaɗan. Ƙanena ya riƙa cewa mutane su dawo wani mako, su dawo ya sake cewa wani makon. Wani dattijo daga fadama, wanda ya daɗe yana kawo masa gyara, ya zo karo na uku ya karɓi rediyonsa a mace. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, ko dai hannun bai warke ba?" Ƙanena ya ce e, hannun ne. Ya gwammace a ce hannunsa ya lalace da ya ba da labarin banda, don labarin ya riga ya zama abin dariya a kasuwa. Har suna aka sa wa mai banda a kai, yana amsawa da fara'a. Shekaru bayan haka na ji ana ba da labarin a wurin ɗaurin aure, ana riƙe ciki, mai ba da labarin bai ma san ni ne yayan mai fanel ɗin ba.

Hannun ya warke sarai. Na ga yana ɗaga buhu da shi. Amma kafin damina ta zagayo ya mayar wa mai rumfa makullinsa, ya karɓi aron fili a fadama ya shiga noman albasa. Na yi masa magana ba sau ɗaya ba, na ce mu sake tarawa. Ya ce, "Yaya, in tara in aje ina? Gidan da na aje na farko shi na gidana har yanzu." Ya ba ni ƙarfen liƙinsa mai kan tagulla da hantsakin, suna nan a cikin akwatina.

Da mai banda muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, don matar ƙanena mutuniyar kirki ce kuma ba ita ta yi ba. Ban sake cin kifinsa ba. Ƙanena ya yi noman albasa har ƙarfinsa ya ƙare, bai sake buɗe bayan rediyo ba, kuma tun daga shekarar nan manoman da ke kawo masa gyara suka koma sayen sabuwa idan tsohuwa ta mutu.